Kunyar 'Yar Fari a Ɗakin Haya

Tun ina da cikinta nake tsoron in haifi bebiya. A gidanmu akwai wani ƙanin mahaifiyata da bai taɓa magana ba tunda aka haife shi. Mutumin kirki ne, yana noma, yana tufkar igiya, in yana son abu sai ya taɓa kafaɗarka ya nuna da baki. Ina ƙarama na sha ganin yara suna binsa suna kwaikwayonsa, har da ni a cikinsu sau ɗaya. Da ciki ya fara motsi sai wannan sau ɗayan ya dawo mini. Ban gaya wa kowa ba. Sai dai duk sallar da na idar, in na gama roƙon sauka lafiya, nakan ƙara da cewa Allah ya ba abin da ke cikina baki.

A ƙauyenmu na haihu, a ɗakin Inna, wato mahaifiyata, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Maigidana yana Fatakwal a lokacin, inda yake kasa albasa a Kasuwar Creek Road. Ya zo suna, ya kwana uku, ya koma.

Wata huɗun da na yi a gida, yarinyar ba ta zama a hannuna sai in za ta sha nono. Daga Inna ta koma wajen gwaggonnina, daga nan 'yan matan gidan su goya ta su shiga maƙwabta. Kowa da abin da yake ce mata. Inna takan ɗora ta a cinya tana cewa, "Ke mummuna, wannan hanci na wa kika kwaso? Ba dai namu ba." Ni kuwa ba ni da ta cewa. A wajenmu uwa ba ta nuna 'yar fari tata ce. Ba ta kiran sunanta, ba ta yi mata wasa, in tana ba ta nono ma sai ta kau da kai. Ran da aka kama ni ina kallon yatsun ƙafarta, sai da matan gidan suka yini suna yi mini tsiya. Ga shi kuma sunan mahaifiyar maigidana aka sa mata, sai kunyar ta zama biyu. An yi mata laƙabi, amma ko shi bakina bai iya ɗauka ba.

Ranar da za mu taho, Inna ta riƙe ni a zaure ta ce, "Ki ji ni da kyau. Kada ki je can ki ga babu idon kowa ki riƙa rawar kai a kan 'yar fari. Mu ba a san mu da rashin ta ido ba."

Na ce, "To, Inna."

Ɗakin da maigidana ya kama a unguwar Borokiri yake, can Fatakwal, a wani dogon gida mai ɗakuna goma sha biyu suna kallon juna, da siririn lungu a tsakiya. Mu kaɗai ne Hausawa a ciki. Bayan gidan ruwa ne da laka, da kwalekwale masu inji da ke wucewa tun safe. Ruwan sama kuma ba ya gajiya a garin. Akwai wata baƙar ƙura kamar kunkunniya da ke sauka a kan komai, ki share ɗaki da safe, kafin azahar tafin ƙafar yaro ya yi baƙi. Shi maigida yana fita bayan asuba, ba ya dawowa sai an yi magariba. Ban iya buroka ba a lokacin, irin Turancin da suke yi a kasuwa da tsakar gida. In na fito ɗibar ruwa matan gidan su ce, "Matar aboki!" in yi murmushi, shi ke nan hirar ta ƙare.

Haka muka zauna ni da ita. Ba zan ce ban kula da ita ba. Wanka sau biyu, kunu a kan lokaci, in goge mata ƙafa sau nawa ma ban sani ba saboda baƙar ƙurar nan. In ta yi zazzaɓi ba na iya cin abinci. Amma duk wannan da hannu nake yi, baki a rufe. Ƙofa a rufe, labule a sake, babu mai ganina, duk da haka in na buɗe baki zan ce mata wani abu sai in ji kamar matan gidanmu suna zaune a bakin gado suna jira. Sai in haɗiye. Wani lokaci tun fitar maigida har dawowarsa, ban da karatun salla, babu kalmar da ke fita daga bakina. In ya yi sallama na amsa, sai in ji muryata ta dushe kamar ta mai mura.

Shi ma ɗan garinmu ne, kunyar ɗaya ce. In ya shigo yakan ajiye mata ayaba ko biskit a gefen tabarma, ba a hannunta ba, ya ce da ni, "Yarinyar nan ta ci abinci?" In ce ta ci. In ta rarrafo ta kama ƙafar wandonsa sai ya tsaya cak, yana kallon bango, har in zo in ɗauke ta.

Ba ta da rigima ko kaɗan. Sai ta zauna da murfin tukunya ta yini tana juya shi. Ina jin daɗi, ina cewa Allah ya ba ni mai haƙuri.

Ɗakin da ke kallon namu na wata mata ce 'yar ƙasar, mai bandar kifi. Tana da ɗa namiji da 'yata ta girme shi da wata uku. Matar nan ba ta rufe baki. Tana feɗe kifi tana yi wa jariri magana, tana wanki tana yi masa magana, ta ɗaga kifi ta nuna masa, ta tambaye shi abu, ta tsaya kamar tana jiran amsa, sai kuma ta amsa wa kanta ta fashe da dariya. Nakan leƙa ta gefen labule in ce a raina, wannan baiwar Allah anya ƙalau take? Me jariri ya sani? Har nakan ji mata kunya.

Da yaron nata ya shekara ɗaya da rabi, ya fara kiran abubuwa. Da ya kusa shekara biyu yana haɗa kalma biyu, yana yi wa uwarsa gardama. Tawa ta shekara biyu da wata huɗu, babu ko "Inna". In tana son ruwa sai ta ja zanina ta kai ni gaban bokiti. Ran nan ta taɓa kafaɗata ta nuna kofi da baki. Na ga kawuna sak.

Na fara gwada ta a ɓoye. In lallaɓa ta bayanta in saki murfin tukunya, sai ta zabura ta juyo. In kwalekwale ya wuce tana juya kai wajen taga. To ji tana ji. Na gaya wa maigida, ya ce, "Kowane yaro da lokacinsa. Ni ma an ce na daɗe ban yi ba." Amma washegari ya shigo da rubutu a gora, na gane abin yana ransa. Ta sha rubutun har ya ƙare.

Abin da ya buɗe mini ido ba wani babba ba ne. Wata ranar Laraba ce, maigida ya tafi Kasuwar Oil Mill da kaya, ana ta yayyafi tun safe. Ina zaune ina tsince shinkafa. Ita kuma ta sami wata gorar roba ta mai da ita 'yartsana, ta naɗe ta da tsohon ɗankwalina. Ina kallonta ta gefen ido. Ta kwance gorar ta sa a baho ta yi mata wanka. Ta goge mata ƙasa da tsumma, yadda nake goge mata ƙafa. Sannan ta zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora gorar a cinya, ta kai ta ƙirji. Sai ta kau da kai. Ta juya fuskarta ga bango, ta tsuke baki, ta zauna haka shiru har ta ga 'yarta ta ƙoshi.

A daidai lokacin ɗan maƙwabciyata yana lungu da gwangwanin madara, yana ja yana yi masa faɗa da yarensu, da irin muryar uwarsa.

Na ajiye farantin shinkafar. Babu abin da yarinyar nan ta bari a cikin abin da nake yi mata. Wankan, gugar ƙafar, zaman, kau da kan. Duk ta ɗauka. Ashe ba kwanya ce babu ba. Abin da aka ba ta ta riƙe, wanda ba a ba ta ba kuma a ina za ta samo?

Ranar Juma'a na roƙi maigida ya kai ni wajen Hajiya. Ita ce matar dillalin albasar da ya kawo shi Fatakwal, dattijuwa, ta fi shekara talatin a garin, 'ya'yanta ma buroka ta fi Hausa sauƙi a bakinsu. Gidanta yana kusa da kasuwa, kuma sau uku kawai na taɓa zuwa. Bayan mun gaisa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sai na kasa fara maganar. Ita ta lura.

Ta ce, "'Yar nan, ba gaisuwa ce ta kawo ki ba. Mene ne?"

Na gaya mata komai, har da kawuna, har da gorar. Ta saurara tana ɓare goro. Da na gama ta ce, "Kira ta in gani."

Yarinyar tana bakin ƙofa tana kallon kaji. Na ce, "Ke."

"Ke wa? Akuya? Ba ta da suna?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Hajiya, ta fari ce. Kuma sunan surukata ne."

Ta yi dariya har ta dafa gwiwa. Ta ce, "A ɗakin nan naku kunyar wa kike ji? Ta ƙadangaru?" Sai kuma ta daina dariyar. "A gidanku, jariri in ya kwana ya tashi, mutum nawa ke yi masa magana?"

Na fara lissafawa a raina, na wuce goma.

Ta ce, "To kin gani. Iyayenmu da suka yi shiru, sun yi ne saboda akwai bakuna ashirin a tsakar gida suna yi a madadinsu. Ke kin ɗauko shirun kin taho da shi, kin baro bakunan a can. Nan ke ce kakar, ke ce gwaggon, ke ce maƙwabciyar. In ba ki yi ba, bango zai yi?"

Na ce, "Inna ta ce kada in yi rawar kai."

"Innarki ta taɓa kwana a Borokiri?" Ta miƙo mini goro. "Ni ma nawa na fari haka na yi masa, sai dai ni na yi sa'a gidan da muka sauka cike yake da mutanenmu. Je ki yi mata magana. In sunan ya yi miki nauyi, yi da laƙabin. Kuma ki kai ta asibiti a duba, kada ki tsaya a kan maganata kaɗai."

Washegari da maigida ya fita na rufe ƙofa, na zauna a gabanta a kan tabarma. Wallahi gabana faɗuwa yake kamar ranar da aka kai ni ɗakin miji. Ban san me ake ce wa yaro ba. Na duba ɗakin, idona ya faɗa kan albasa. Na ɗauka na ce, "Albasa." Muryar ta fito siririya. Ta kalli albasar, ta kalli bakina. Na ce, "Wannan albasa ce. Babanki ke sayarwa." Sai ta miƙo hannu ta taɓa leɓena da yatsa, kamar tana son ta ga daga ina abin yake fitowa. Na yi kuka ranar, ita kuma tana ta kallona.

Daga nan na koma irin matar da nake ji wa kunya. Ina dama kunu ina faɗa mata ina dama kunu. Ga ludayi, ga kofi, da zafi, bari ya huce. In ɗaga ta a taga in ce ga kwalekwale, ga mutum a ciki, ina za shi? In tsaya in jira, kamar yadda na ga maƙwabciyata tana yi. Ba ta amsawa. Na tono waƙoƙin da Inna ke yi wa jikoki, rabi na manta, in cike da nawa. Laƙabin ya ɗauke ni kwana tara kafin ya fita, kuma da ya fita ta juyo da sauri, kamar ta san nata ne tun daga ƙauye.

Wata rana maigida ya dawo da wuri saboda ruwa ya tashi kasuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ji ni. Da ya shigo ya leƙa bayan ƙofa, ya leƙa ƙarƙashin gado.

Ya ce, "Ina baƙuwar?"

Na ce, "Babu baƙuwa."

"To ke da wa kike ta zuba haka kamar rediyo?"

Na gaya masa abin da Hajiya ta ce. Ya zauna a bakin gado ya cire hula yana juya ta. Ya ce, "Ke dai yi. Ni ba zan iya ba. Sunan tsohuwata ne fa. In na dube ta sai in ga kamar ita ce zaune."

Ban matsa masa ba. Amma bayan kwana biyu ya shigo da rabin buhun albasa, wai ruwa ya taɓa ta, zai ware a gida. Bai taɓa kawo aikin kasuwa ɗaki ba. Ya zazzage a tabarma, ya ajiye kwando uku, ya zauna yana kallon bango ya ce, "A gaya wa mutuniyar nan, manya nan suke zuwa, ƙanana nan, ruɓaɓɓu can."

Na ce, "Ai tana jinka, ga ta a gabanka."

Ya ce, "Ni da ke nake."

Ya ɗaga ɗaya ya ce wa iska, "Babba." Ya jefa a kwando. Ya ɗaga wata, "Ƙarama." Yarinyar ta matso. Ta ɗauki wata ƙatuwa da hannu biyu ta sa a kwandon ƙanana. Ya ce, "A gaya wa mutuniyar nan za ta karya ni a kasuwa." Ya ciro ta ya riƙe kusa da wata ƙarama, ya bar ta ta duba, ta sake dubawa. Ta karɓa ta kai kwandon manya. Kafin a kira la'asar ta daina kuskure, har ruɓaɓɓiya takan kai hanci ta shinshina kamar yadda ta ga yana yi. Tun daga ranar albasarsa ta riƙa jiƙewa duk Asabar, ko an yi ruwa ko ba a yi ba.

A asibitin unguwa, inda Hajiya ta raka ni don ta yi mini tafinta, sun duba kunnenta da ƙasan harshenta suka ce lafiya lau. Ma'aikaciyar ta ce yara sun bambanta, wasu sukan makara ko da an yi musu komai, amma in ci gaba da yi mata magana, in dawo da ita bayan wata uku.

Inna ce abin ya fi yi mini wuya da ita. Muna waya wata safiya, yarinyar ta nufi risho, na kira laƙabinta da ƙarfi ban sani ba. Can Inna ta ce, "Wa na ji?"

Na ce, "Ni ce, Inna."

"Fatakwal ta gama da ke ke nan."

Na so in yi mata bayani, maganar ta ƙi haɗuwa. Ta ce a gai da maigida, ta kashe. Mako biyu ba ta neme ni ba, in na kira ƙanwata ce ke ɗauka ta ce Inna ta shiga maƙwabta. Ban taɓa jin nisan garin nan kamar a makonnin nan biyu ba. Mutum ɗaya nake da ita a duniya da nake gaya wa damuwata, ga shi na ɓata mata, kuma yarinyar da na ɓata mata saboda ita har lokacin ba ta ce komai ba. Sau da yawa na ce ko in bari. Sai in tuna gorar nan da fuskar da aka juya wa bango.

A mako na bakwai da fara yi mata magana, da hantsi, ruwa ya sauko da ƙarfi a kan kwano. Tana tsaye a taga a kan kujera, ni ina wanke-wanke a baho. Ba tare da ta juyo ba ta ce, "Uwa." Na ɗauka ni take nufi. Sai ta nuna waje ta sake cewa, "Uwa." Ruwa take son faɗa, farkon kalmar ne ya ƙi fita. Na ce, "E, ruwa ne. Ruwa yana zuba." Hannuna da kumfa na ɗauki waya na kira gida. Inna ce ta ɗauka da kanta. Na kara wa yarinyar wayar a baki na nuna mata taga. Ta faɗa. Na ji Inna ta ja numfashi, sannan ta ce, "Ke mummuna, sai yau? Ba ni uwarki." Da na karɓa ta ce, "Ki riƙa kira kina ba ni ita." Ba ta ce na yi daidai ba, har yau kuma ba ta ce ba.

Yanzu yarinyar ta shekara huɗu. Tana magana, Hausa da buroka a cakuɗe, don na daina tsare ta a ɗaki, tana yini a lungu wajen mai bandar kifi. Amma ɗan matar nan har yanzu ya fi ta baki nesa ba kusa ba. Takan tsaya a tsakiyar zance tana neman kalma, ta rasa, ta koma nuni. Ban sani ba ko haka Allah ya yi ta, ko shekara biyun nan da na yi ina kau da kai ne. Babu wanda ya iya gaya mini, na kuma daina tambaya. Babanta har yanzu "mutuniyar nan" yake ce mata, sai dai yanzu ita yake kallo in yana faɗa.

Ga abin da nake roƙo. In kina da 'ya ko ƙanwa da aka kai Fatakwal, ko Anaca, ko Inugu, ko duk inda za ta zauna ita kaɗai a ɗakin haya da ɗan fari a hannu, ki kira ta. Ba za ta tambaye ki ba, kuma ba za ta fara da kanta ba, don tana jin idonku a kanta ko da ƙofa a rufe. Ki ce mata da bakinki kin yafe mata kunyar nan, ta yi wa ɗanta magana.